Ciki Na Zubewa, Miji Ya Ce Shi Ya Yi Nasa: Tarihin Yadda Likitoci Suka Leƙa Cikin Irin Namiji

 Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba. Tun farko in faɗa muku, maganar yau ta manya ce. Zan kira maniyyi da 'ya'yan maraina da sunansu, don babu kunya a wajen neman sani.

A nan wajenmu Nasarawan Doya, da Makarfi, da Kudan, da Ikara, in aure ya shekara uku ba a ji kukan jariri ba, kowa ya san wadda ake kallo. Alhamdu lillahi matasa sun fara yarda cewa matsalar tana iya zama daga namiji, har wasu suna daurewa su je Shika a gwada su. To amma akwai wani irin gida da har gobe namiji ke fita fes, ko ƙura ba ta taɓa shi. Gidan da matar take ɗaukar ciki, wata biyu ko uku ya zube, ta sake ɗauka ya sake zubewa. A nan miji hujjarsa a hannu take: "Ai ni na yi nawa, ita ce mahaifarta ba ta riƙewa." Uwar miji ta ce iska ce, ƙanwar miji ta ce sammu ne, daga nan sai a fara zancen ƙaro wata.

Wannan "ai ni na yi nawa" ɗin nake so mu bi tarihinsa yau. Likitocin duniya ma sun daɗe a kan wannan ra'ayin, kuma sai da aka yi kusan shekara ɗari uku kafin su fara sauka daga kai.

Mu fara daga 1677, a garin Delft na ƙasar Holand. Akwai wani mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen goge gilashi yana haɗa madubin ƙara girman abu. Shi da wani ɗalibin likita mai suna Johan Ham ne suka fara ganin ƙwayoyin maniyyi suna iyo, kowace da kai da wutsiya kamar talibambam. Da zai aika wa ƙungiyar masana ta Landan labari, sai da ya roƙe su cewa in suna ganin abin zai zama abin kunya, su ɓoye takardar. Kun ga kunyar nan ba mu kaɗai muka gaje ta ba.

Ganin abu daban, gane shi daban. A 1694 wani ɗan ƙasarsu, Hartsoeker, ya zana ƙwayar maniyyi da ɗan ƙaramin mutum a duƙunƙune cikin kanta, wai haka ɗa yake tun asali, mace gona ce kawai. Sai a 1876 Oscar Hertwig na Jamus ya nuna, ta hanyar kallon ƙwan wata halittar teku, cewa abin da ke cikin kan ƙwayar namiji haɗuwa yake yi da abin da ke cikin ƙwan mace su zama abu guda. Rabi daga nan, rabi daga can.

Mene ne wannan abin da ke cikin kan? Nan labarin ya fi min daɗi. A 1869 wani matashin likita ɗan Siwizalan, Friedrich Miescher, yana aiki a Jamus, yana tattara bandejin da aka cire daga miki yana wanke mugunyar da ke jiki. A cikin mugunyar nan ya gano wani sinadari da ba a san shi ba, wanda yau muke kira DNA. Da ya koma garinsu Basel sai ya nemi inda zai samu sinadarin da yawa, kuma mai tsabta. Ina ya samu? A maniyyin wani kifi da ake kamawa a kogin Rhine. A nan ne kuma ya gano wani furotin da ya raɗa wa suna protamin, wanda ke ɗaure DNA ɗin tamau. Wato tun ranar gini, tarihin DNA da tarihin maniyyi tare suka taso. Sai dai shi Miescher ya rasu a 1895 bai san cewa wannan sinadarin ne ke ɗauke da gado ba. Siffarsa ma, ta zare biyu da aka murɗe kamar igiya, sai a 1953 Watson da Crick suka bayyana ta.

Bari in ɗan tsaya a nan in fassara, don duk abin da zai biyo baya a kan wannan yake. DNA rubutu ne, umarnin yadda za a gina mutum. Ƙwayar maniyyi ɗan aike ce, an ba ta rabin littafin ta kai. Don ta yi sauri, jiki ya sauke mata kusan duk wani kaya, ya matse rubutun da protamin ɗin nan cikin ɗan ƙaramin kai, ya sa mata wutsiya. Cikin kayan da aka sauke har da na gyara. Sauran ƙwayoyin jikinka in DNA ɗinsu ya tsinke suna ɗinkewa da kansu. Ƙwayar maniyyi da ta gama nuna ba ta da wannan damar. In takardar ta yage a hanya, a yage za ta kai ta.

Duk da haka, kusan duk ƙarni na 20 abin da ake dubawa a asibiti abu uku ne: nawa ne, suna motsi, ya siffarsu take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin ƙa'idar wannan gwaji karo na farko a 1980. A bugun 2010 ta sa miliyan 15 a kowace mililita a matsayin ƙasan ma'auni, a bugun 2021 ya koma miliyan 16. Wannan shi ne gwajin da za a yi maka in ka je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano. Gwaji ne mai amfani, kada wani ya ce na raina shi, da shi ake farawa kuma sau da yawa shi ke kama matsalar. Amma mu manoma mun san wani abu. Ka auna irin masara tiya goma, ƙwaya cike, launi mai kyau, ashe danshi ya shige shi a rumbu. Ka shuka, wani ya ƙi fita, wani ya fito ya yi ganye biyu ya bushe. Tiya ba ta faɗa maka wannan. Gwajin ƙirga ma haka yake.

Wanda ya fara buɗe ƙwayar ya duba cikinta da gaske shi ne Donald Evenson, wani masani a Amurka. A 1980, shi da abokan aikinsa biyu a birnin New York suka wallafa bincike a mujallar Science. Dabararsu: a ɗan gigita ƙwayoyin maniyyin, sannan a zuba musu wani rini. In DNA ɗin lafiya yake, rinin ya haska kore. In ya tsintsinke, ya haska ja. Sai na'ura ta ƙirga dubban ƙwayoyi cikin 'yan mintoci. Ba mutane kaɗai suka gwada ba, har da bijimai, suka ga waɗanda haihuwa ke yi wa wuya jansu ya fi yawa. Daga baya Evenson ya koma jami'ar jihar Dakota ta Kudu, ƙasar makiyaya, ya ci gaba da aikin a kan dabbobi da mutane. Wannan gwajin shi ake kira SCSA. Masu amfani da shi sun fi sa iyaka a wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari: in ƙwayoyin da suka lalace sun haura haka, samun ciki ta hanyar da aka saba yana ƙara wuya.

Wasu gwaje-gwajen sun biyo baya. Akwai wanda ake sa ƙwayar cikin wani abu kamar kamu, a ja ta da lantarki, gutsattsarin DNA su biyo baya kamar tauraruwa mai wutsiya. Akwai TUNEL na farkon shekarun 1990. Akwai wanda José Luis Fernández na Sifaniya ya fitar a 2003, mai sauƙin kuɗi, inda lafiyayyar ƙwaya ke yin kewaye kamar wata ya yi lema, lalatacciya kuwa ba ta yi. Ku riƙe cewa gwajin ba ɗaya ba ne, za mu dawo kansa.

Me ke yaga takardar? Tun 1943 John MacLeod a New York ya lura cewa iskar oksijin in ta yi yawa tana kashe wa maniyyi motsi. A 1987 John Aitken a Edinbara ya nuna cewa ƙwayoyin maniyyi marasa kyau da kansu suke fitar da wasu sinadarai masu ci kamar tsatsa. Wannan tsatsar ita ce babbar mai laifi, kuma abubuwan da ke ƙara ta ba baƙi ba ne a wajenmu. Taba sigari. Ciwon sanyi da aka yi wa rabin magani a kemis. Ciwon suga da ƙiba. Shekaru, musamman bayan arba'in. Sai kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda in mutum ya tsaya ya taɓa yakan ji kamar tarin tsutsa, galibi a ɓangaren hagu. Shi wannan tun 1952 wani likitan tiyata a Edinbara, Tulloch, ya ba da labarin mutumin da ba a ga ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa ba, aka ɗaure masa jijiyoyin, ya zo ya haihu.

Sai zafi. Ba banza Allah Ya ajiye maraina a waje ba, suna bukatar sanyin da ya gaza na jiki da digiri biyu zuwa huɗu. Zazzaɓi mai zafi yana taɓa su. Evenson da kansa ya wallafa labarin wani mutum a shekarar 2000 da mura mai zazzaɓi ta kama, aka bi maniyyinsa mako-mako, aka ga lalacewar ta tashi sannan ta sauka a hankali. Mu da maleriya ke kayarwa duk damina, wannan ya shafe mu kai tsaye. Abin farin cikin shi ne jiki na ƙera sabbin ƙwayoyi kullum, kuma ƙira ɗaya tana cin kwana 74 ko kusa da haka. Abin da ka yi wa jikinka yau, sai bayan wata uku za a gan shi a gwaji, mai kyau ne ko marar kyau.

Maganin feshi kuwa dole in daɗe a kansa kaɗan, don ƙasar rake da tumatir da masara muke. A 1977, a wata masana'antar haɗa maganin ƙwari da ke Lathrop a jihar Kalifoniya, ma'aikata suna hira a tsakaninsu suka lura cewa duk masu aiki a wani sashe sun daina haihuwa. Ba likita ne ya fara ganowa ba, su ne. Da aka gwada su sai aka samu wasu ba su da ƙwayar maniyyi sam, wasu kaɗan ce ta rage. Sinadarin sunansa DBCP. Amurka ta hana amfani da shi, amma aka ci gaba da kai shi gonakin ayaba a ƙasashe irin su Kosta Rika da Nikaraguwa, dubban leburori suka shiga irin wannan halin. Ba ina cewa abin da ke cikin jarkar feshinka DBCP ba ne. Amma in na ga yaro ɗan shekara ashirin a fadama ya goya jarka tana ɗiga a bayansa, ba takalmi, ba safar hannu, ya gama ya ci rake da hannun, Lathrop ce ke faɗo min a rai.

To, yanzu mu zo kan dashen ciki, don a nan ne maganar DNA ta zama ta kuɗi da hawaye. Ranar 25 ga Yuli 1978 aka haifi Louise Brown a Oldham ta Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji, aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halascin hakan matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan. A Najeriya Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin a asibitin koyarwa na Legas cikin shekarun 1980. A Arewa kuwa wadda aka fi sani ita ce Hannatu, da aka haifa ranar 11 ga Fabrairu 1998 a asibitin Nisa na Dakta Ibrahim Wada a Abuja.

A 1992 kuma aka yi wani babban tsalle a Beljiyam. Gianpiero Palermo da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak da siririyar allura suka cusa ta cikin ƙwan mace. Ana kiran dabarar ICSI. Nan take mazan da aka yanke wa ƙauna suka fara haihuwa, ko ƙwayarka ba ta iya iyo, allura za ta kai ta. Likitoci da yawa suka ɗauka an gama da matsalar namiji. Ashe allura tana kai ɗan aike ne, ba ta karanta takardar da ke hannunsa. Sai a haɗa, ƙwai ya kama, ya fara rabuwa, a dasa, gwaji ya nuna ciki, bayan 'yan makonni ya zube. A kwanakin farko ƙwan mace ne ke tuƙa komai da guzurin da ya zo da shi. Sai wajen kwana na uku rubutun uba yake fara aiki sosai, shi ya sa ɓarnarsa ba ta fitowa da wuri.

A 2012 wasu masu bincike a Ingila, Lynne Robinson na gaba, suka tattara bincike 16 da suka ƙunshi ma'aurata kusan 3,000. Sakamako: inda DNA ɗin miji ya lalace da yawa, haɗarin ɓari ya kai kusan ninki biyu. Wannan ita ce amsar "ai ni na yi nawa". Namiji yana iya yin ciki, kuma ya zama yana da hannu a zubewarsa.

Ga kuma wani abu da nake so kowane ɗan Arewa ya ji. Ƙwan mace yana gyara wani ɓangare na yagewar da maniyyi ya zo da ita, kuma ƙwan yarinya ya fi na babbar mace iya gyaran. An ga haka a asibitocin dashe: maniyyi mai lalacewa ya fi yin ɓarna idan ya haɗu da ƙwai mai rauni. Yanzu ku kawo wannan gidajenmu. Mutum ya kai hamsin, uwargida tana ta ɓari. Ya auro 'yar shekara sha tara, ta haihu. Gari ya ɗauka: "Kun gani ko? Dama ita ce." Alhali yana yiwuwa matsalar tana nan a jikinsa, ƙwan amarya ne ya rufa masa asiri. Ban ce kullum haka ne ba. Ɓari yana da dalilai da yawa, mafi yawansu kuskure ne a rabon ƙwayoyin gadon ɗan tayin, kuma shekarun mace suna da babban tasiri. Amma haihuwar amarya ba shaidar wanke miji ba ce.

Yanzu kada wani ya ji wannan ya sayar da gonar rake ya tafi neman gwajin DNA. Nan ne tarihin ya ɗan yi sanyi, kuma gara ku ji shi daga bakina kafin ku ji daga mai talla. Gwaje-gwajen nan da na lissafa ba abu ɗaya suke aunawa ba, iyakokinsu sun bambanta, kuma mutum ɗaya yana iya samun sakamako biyu a wata biyu. Shi ya sa a 2020 ƙungiyoyin likitocin mafitsara da na haihuwa na Amurka suka ce kada a sa shi cikin gwajin farko, amma a yi tunaninsa ga ma'auratan da ke yawan ɓari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi littafinta a 2021, cikin gwaje-gwajen ƙari.

Maganin ma haka. Tunda tsatsa ce, sai aka ce to a sha bitamin masu kashe tsatsa, kasuwa ta buɗe. A 2020 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka mai suna MOXI: an ba wasu maza bitamin ɗin, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a ciki, ba a ga bambanci a maniyyinsu ko DNA ɗinsu ba. A 2019 mujallar Lancet ta wallafa wani babban gwaji na Birtaniya, ma'aurata sama da 2,700, kan wata dabarar tsince ƙwayoyin da suka nuna kafin a yi allura. Yawan haihuwar jarirai masu cikar wata bai ƙaru a fili ba, sai dai ɓari ya ragu. Wasu likitocin kuma, bin binciken Ermanno Greco na Italiya a 2005, suna ɗebo ƙwayar kai tsaye daga maraina, don a can lalacewar ba ta kai ta wadda ta biyo hanya ba. Har yau ana muhawara a kan wa ya dace a yi wa hakan.

In bitamin da aka auna a ɗakin bincike bai ci jarrabawa ba, ina ga jarkar da ake tallarta da lasifika ranar kasuwar Makarfi, wadda wai tana maganin basir da sanyi da rashin haihuwa a kofi ɗaya? Mu a nan mun cakuɗa ƙarfin namiji da haihuwa, alhali hanyarsu daban. Mutum na iya zama namijin duniya a shimfiɗa, irinsa kuwa a lalace. Mafi muni ma, allurar testosteron da wasu samari ke yi don ƙarfi ko don jiki ya murɗe tana tsayar da ƙera maniyyi, har an taɓa gwada ta a matsayin maganin hana haihuwa na maza.

Abubuwan da suka fi tsayuwa da ƙafarsu a bincike ba su da tsada sosai. Likitan mafitsara ya duba ko akwai kumburin jijiyoyin nan, in akwai a gyara, an ga lalacewar DNA na raguwa bayan aikin. A yi maganin sanyi cikakke, miji da mata tare, in mata biyu ne ko uku duka. A bar taba. A rufe jiki wajen feshi. Sai wani abu da zai ba ku mamaki: mu mun ɗauka in mutum ya daɗe bai kusanci iyali ba irin yana taruwa ya yi ƙarfi. Yawan yana ƙaruwa, gaskiya ne, amma ƙwayoyin da suka daɗe a ajiye sun fi lalacewa, shi ya sa wasu asibitocin dashe ke neman miji ya kawo na kwana ɗaya.

Wata 'yar uwa ta turo tambaya bayan shirin da ya gabata, ta ce ɓarinta huɗu, an yi mata hoto, an ɗebi jininta ba adadi, ta sha rubutu ta sha saiwa, mijin kuwa ko sau ɗaya ba a ce ya zo ba. 'Yar uwa, in za ki koma asibiti ku tafi tare, kuma ki faɗa wa likita adadin ɓarin da watannin da kowanne ya yi. Malam, kai kuma gwajin farko ba allura, ba yanka: ƙauracewa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ɗan kofi, sai a kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. In sakamakon bai yi kyau ba, ko ka yi zazzaɓi kwanan nan, a sake bayan wata uku kafin a yanke magana.

Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, wanda ba ya son a ga sunansa ya turo ta saƙo.